Koya wa Yara Annabcin Zuwan Mai Ceto: Tambayoyin Iyaye da Malaman Makarantar Lahadi

Na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Duk shekara, da zarar hunturu ya kama aka fara shirin Kirsimeti, sai iyaye da sababbin malamai su riƙa tare ni a bakin majami'a da tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da abin da nake amsa musu. Wasu amsoshin nawa ne ni kaɗai, wanda bai gamsu ba ya tuntuɓi fastonsa.

Yaro zai kai shekara nawa kafin a fara yi masa maganar annabci?

Duk yaron da ya taɓa tsayawa a ƙofar gida yana jiran tsarabar da babansa ya ce zai kawo daga kasuwa, ya isa. Ya riga ya san alkawari, ya san jira, ya san daɗin cikawa. Ɗan shekara huɗu ba ya bukatar kalmar annabci. A ce masa Allah ya yi alkawari zai aiko Mai Ceto, mutane suka jira har suka tsufa, jikokinsu ma suka jira, daga baya Allah ya cika. Sunayen annabawa da lambobin ayoyi su biyo baya, wajen shekara bakwai ko takwas, lokacin da ya fara haɗa baƙi.

Ɗana ya ce ashe annabawa 'yan duba ne. Yaya zan bambanta masa?

Yaron bai yi wauta ba. Yana ganin mai bugun ƙasa a unguwa, yana jin ana cewa wane ya je wurin boka an faɗa masa abin da zai faru, sai ya ji mu muna cewa Ishaya ya faɗi abin da zai zo. Dole ya haɗa su.

A nuna masa Maimaitawar Shari'a sura 18. A ayoyi na 10 zuwa 12 an hana Isra'ilawa duba da sihiri da tuntuɓar matattu. A wannan surar dai, aya ta 15, Musa ya ce Allah zai tayar musu da annabi kamarsa daga cikin 'yan'uwansu. Wato wuri ɗaya aka rufe ƙofar duba aka buɗe ta annabci. Ɗan duba kai kake zuwa wurinsa da kuɗinka, ya faɗa maka abin da kunnenka ke so. Annabi aiko shi ake yi, kuma sau da yawa abin da ya kawo ba mai daɗin ji ba ne. An jefa Irmiya cikin rijiya mai laka saboda maganarsa. Amos makiyayi ne daga Tekowa, aka ce masa ya bar Betel ya koma ƙasarsu ya ci abincinsa a can.

Akwai kuma abin da mu manya muke mantawa: yawancin maganar annabawa ba a kan gobe take ba. A kan yau ɗinsu take, a kan mudun algus, da cin hanci a wurin shari'a, da danne haƙƙin gwauruwa da maraya. Alkawarin Mai Ceto a tsakiyar wannan tsawa yake fitowa. In yaro ya tashi yana ɗaukar annabi a matsayin mai faɗin gaibu kawai, shi ne gobe zai bi duk wanda ya hau bagade daren 31 ga Disamba ya ce ya ga wanda zai ci zaɓe.

Mece ce ma'anar Almasihu? Sunan mahaifinsa ne?

Wata yarinya ta taɓa tambayata haka, kuma da gaske take. Ba suna ba ne, sarauta ce. Ma'anarsa shafaffe, wanda aka zuba wa mai a ka don a keɓe shi ga wani aiki. Da Ibrananci ana cewa Mashiyak, da Helenanci Kiristos, daga nan muka sami Kirista. A karanta musu 1 Sama'ila sura 16, inda Sama'ila ya je gidan Yesse a Baitalami, aka gabatar masa da 'ya'ya bakwai duk ya ce ba su ba ne, sai da aka aika a kira autan da ke kiwo a jeji. Yaranmu sun san naɗi. Na kan ce musu, mu rawani muke naɗawa, su mai suke zubawa.

Da waɗanne ayoyi zan fara? Sun yi mini yawa.

Kada ki kwaso duka. Ga waɗanda nake bi, kuma a jere nake bin su don labari ɗaya ne yake tafiya.

Farawa 12:3, inda Allah ya ce wa Ibrahim ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Sai 2 Sama'ila 7:12-16, alkawarin da annabi Natan ya kai wa Dawuda cewa gadon sarautarsa zai tabbata har abada. Sai Ishaya 11:1, toho daga kututturen Yesse. Sai Mika 5:2 a kan Baitalami. Sai Ishaya 9:6, yaron da za a haifa a kira shi Sarkin Salama. Zakariya 9:9 da Ishaya 53 ina ajiye su sai lokacin Ista.

A cikinsu duka, na kututture ne ya fi kama yara. Kowa ya taɓa ganin darbejiyar da aka sare har ƙasa, aka ce ta mutu, damina na sauka sai ga ɗanyen ganye a gefen kututturen. Haka gidan Dawuda ya zama. A wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikali, aka kwashe mutane zuwa Babila, sarauta ta yanke. Fiye da shekara 500 babu ɗan Dawuda a kan gado. Da aka zo kan Yusufu mijin Maryamu, jinin sarauta ne, amma kafinta ne a wani ƙauyen Galili. In akwai irin wannan kututture kusa da majami'arku, ku fita da yaran su taɓa shi da hannu.

Na Mika kuma akwai ɗan abin da ke sa su murmushi. Annabin bai ce Baitalami kawai ba, ya ce Baitalami Efrata, ta ƙasar Yahuza, domin akwai wata Baitalami a arewa, a yankin kabilar Zabaluna, tana cikin Joshuwa 19:15. Kamar dai mutum ya ce Tudun Wada, dole a tambaye shi wacce, ta Zariya ko ta Kaduna ko ta Jos. Wadda Mika ke nufi ƙaramin gari ne kudu da Urushalima, tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 ba. A Matiyu sura 2, da Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura ya tambaye su inda za a haifi Almasihu, wannan ayar suka ba shi.

Farawa 3:15, maganar zuriyar mace da kan maciji, tun zamanin iyayen ikkilisiya na farko ake ɗaukarta a matsayin alkawari na fari. Ina koyar da ita, amma ga manyan aji. Ƙanana macijin kawai suke riƙewa.

Wani yaro ya ce ai Yesu ya san ayar Zakariya 9:9 da ta ce sarki zai zo a kan jaki, shi ya sa ya hau jaki. Me zan ce?

Ki ce masa ya yi gaskiya. Linjila da kanta ta nuna shi ya aiki almajirai biyu su kwanto jakin. Ba a ɓoye ba. Da gangan ya yi, don taron da ya zo Idin Ƙetarewa ya gane abin da yake cewa game da kansa ba tare da ya buɗe baki ba.

Abin da za a tsaya a kai shi ne irin sarkin. Ki tambayi yaran wa ya taɓa ganin hawan sarki. Za su faɗa miki dawakai, da lifidi, da algaita, da dogarai. Sai ki tambaye su me jaki yake yi a garinsu. Ɗaukar taki, ɗaukar yashi, kai hatsi kasuwa. To Zakariya ya ce sarkin Sihiyona zai zo da tawali'u a kan aholaki, aya ta gaba kuma ta ce zai kawar da karusai da dawakan yaƙi. A zamanin, doki na yaƙi ne. Sulemanu ma a kan alfadarin babansa aka kai shi wurin naɗi. Akwai annabcin da mutum zai iya cikawa da niyya, akwai wanda ba ya hannunsa, kamar garin da za a haife shi ko abin da sojoji za su yi da tufafinsa. Yara masu wayo suna son a raba musu biyun.

Na karanta Ishaya 7 gaba ɗaya, sai na ga kamar maganar wani sarki ce, ba ta Yesu ba. Na ruɗe.

Madalla da kika karanta surar duka. Da yawa aya ta 14 kawai suka sani.

Ga abin da ya faru. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai za su auka wa Yahuza. Sarki Ahaz ya tsorata. Ishaya ya same shi ya ce ya nemi alama daga Allah, ya ƙi. Sai annabin ya ce to Ubangiji da kansa zai ba da alama: budurwa za ta yi ciki ta haifi ɗa, a sa masa suna Immanuwel, kuma kafin yaron ya san bambancin nagarta da mugunta, ƙasar sarakunan nan biyu za ta zama kufai. Haka kuwa aka yi. Assuriyawa suka ci Dimashƙu a 732, suka ci Samariya a 722. Saboda haka maganar tana da ma'ana ga Ahaz a zamaninsa, babu amfanin musun wannan.

Kalmar Ibrananci da ke wurin, alma, tana nufin yarinyar da ta isa aure. Yahudawan da suka fassara littattafan zuwa Helenanci tun kafin haihuwar Yesu suka sa kalmar fartenos, wadda aka fi sani da budurwar da ba ta san namiji ba, kuma ita Matiyu ya ɗauko a 1:23. Bangaskiyar Kirista ita ce alamar da aka ba Ahaz somin taɓi ne, cikarta sosai sai a ɗan Maryamu, wanda a gare shi sunan Allah yana tare da mu ya zama zahiri.

Matiyu yana yawan yin haka. A 2:15 ya ɗauko Yusha'u 11:1, daga Masar na kira ɗana, alhali a wurin Yusha'u al'ummar Isra'ila ake nufi da fitowarsu zamanin Musa. Matiyu bai jahilci wannan ba. Yana cewa ne Yesu ya sake bin sawun kakanninsa, Masar, ruwa, jeji, amma inda suka faɗi shi bai faɗi ba. Mu ma mun san wannan a gida: a haifi jika a sa masa sunan kaka, ya girma ya ɗauko tafiyarsa da muryarsa, tsofaffi su ce Baba ne ya dawo.

Ga 'yan ƙasa da shekara goma, Immanuwel da ma'anarsa sun isa. Amma 'yan sakandare a ba su labarin Ahaz. Gara su ji shi daga bakinmu, da su fara jin shi a jami'a ko a Facebook daga wanda zai ce musu an ɓoye musu.

An ce annabci fiye da 300 Yesu ya cika. In koya musu wannan adadi?

Ni ba na koyarwa. Adadin ya danganta da yadda mai ƙirga ya ƙirga: wani yana raba aya ɗaya gida uku, wani yana haɗa misali da annabci kai tsaye. Alfred Edersheim, Bayahuden da ya zama Kirista a ƙarni na 19, ya lissafa wurare 456 da tsofaffin malaman Yahudawa suka danganta da Almasihu, wasu kuma lissafinsu bai kai 100 ba. Littafi Mai Tsarki bai ba da lamba ba. Yaron da ya san ayoyi shida da labarinsu ya fi wanda ya haddace 300 bai iya buɗe ko ɗaya ba.

Yaya muka san ba bayan Yesu aka rubuta su aka cusa ba?

Wannan tana da amsa mai sauƙi, kuma yara maza suna son labarin. A 1947 wasu makiyaya Larabawa suka tarar da tuluna a wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai naɗaɗɗun littattafai, ɗaya kuwa littafin Ishaya ne, surori 66, a kan fata mai tsawon fiye da mita 7. Masana sun ce an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Sura ta 53 tana ciki. Yau yana ajiye a gidan tarihi a Urushalima. Ga kuma fassarar Helenanci da na ambata, ga Yahudawa da kansu, waɗanda ba su karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba amma suna riƙe da littattafan nan har gobe.

Sai dai a lura. Wannan ya tabbatar da cewa rubutun ya riga Yesu. Ko shi ake nufi da shi, wannan maganar fassara ce da bangaskiya. Masana da yawa kuma suna ganin surori 40 zuwa 55 na Ishaya an rubuta su ne lokacin bautar Babila, a ƙarni na 6, wasu suna riƙe da cewa Ishaya na ƙarni na 8 ne ya rubuta duka. Ko wanne aka ɗauka, ɗaruruwan shekaru ne kafin Baitalami.

Ishaya 53 ba ta yi wa yara nauyi ba? Duka, rauni, yanka.

Ta yi, in an tsaya ana zana jini. Ba a bukatar haka. Aya ta 6 nake ɗauka: dukanmu mun ɓace kamar tumaki, kowa ya kama gabansa, Ubangiji ya ɗora masa laifinmu. Yaron da ya taɓa kiwo, ko aka aike shi neman akuyar da ta ɓata da magariba, ya gane rabin farko. Rabi na biyu kuma duk wanda yayansa ya taɓa karɓar bulala a madadinsa ya gane.

Hanya mafi kyau ita ce a shiga surar ta Ayyukan Manzanni sura 8. Wani babban ma'ajin Kandakatu, sarauniyar Habasha, yana komawa gida daga Urushalima a cikin karusarsa, yana karanta wannan surar da ƙarfi. Filibus ya matso ya ce, kana gane abin da kake karantawa? Ya ce ina zan gane in ba wanda ya bayyana mini? Sai ya yi tambayar da ita ce gindin maganar duka: annabin nan, kansa yake nufi ko wani? Yaranmu suna jin daɗi in an gaya musu mutumin ɗan Afirka ne, daga ƙasar da ke kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Mukan yi wasan kwaikwayonsa da benci a matsayin karusa.

'Yata tana da ƙawaye Musulmi. Ina tsoron ta je ta tayar da gardama da abin da muka koya mata.

Tsoronki yana kan hanya, kuma yadda muka koyar ne zai sa ta yi ko kada ta yi. In mun ba ta ayoyi kamar duwatsun jifa, za ta jefa.

Ki gaya mata gaskiyar abin da maƙwabta suka gaskata, ba tare da raini ba. Musulmi suna girmama Annabi Isa, Alƙur'ani yana kiransa Almasihu ɗan Maryam, sun yarda budurwa ce ta haife shi. Ba su yarda shi Ɗan Allah ne ba, ba su kuma yarda an gicciye shi ba. Malamansu da yawa suna ganin annabi kamar Musa da ke Maimaitawar Shari'a 18 Annabi Muhammadu ne, mu kuwa muna bin Bitrus da ya danganta ayar da Yesu a Ayyukan Manzanni 3:22. Yarinya 'yar shekara goma za ta iya riƙe wannan: ga inda muka haɗu, ga inda muka rabu. In an tambaye ta, ta faɗi abin da ta gaskata da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ya ce. In ba a tambaye ta ba, ta ci tuwon sallarta, ta kai musu shinkafar Kirsimeti.

Yaro ya tambaye ni: in Sarkin Salama ya riga ya zo, me ya sa aka ƙone garinmu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya, kuma na ji ta daga bakin yaran da suka kwana a daji suna gudu. Kada a yi saurin amsawa. A fara zama da shi tukuna.

Yaron ya taɓo abin da ya raba Yahudawa da Kirista shekara kusan 2,000. Ishaya 2:4 ya ce za a mayar da takuba su zama garemani, al'umma ba za ta ƙara koyon yaƙi ba. Ishaya 11:6 ya ce kyarkeci zai zauna da ɗan rago. Malaman Yahudawa suna cewa tunda ba a ga haka ba, Almasihu bai zo ba, bawan da ke shan wuya a Ishaya 53 kuma da yawansu suna ganin al'ummar Isra'ila ce, suna kafa hujja da Ishaya 49:3. Kirista suna cewa zuwansa biyu ne: na fari ya zo ya ɗauki zunubi, na biyu zai zo ya yi shari'a ya share hawaye. Ko almajiransa sun yi irin wannan tambayar. Su biyun da ke tafiya Imuwasu ran tashinsa, fuska a murtuke, sun ce dā muna sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Yahaya Maibaftisma ma daga kurkuku ya aika a tambaye shi, kai ne mai zuwan, ko mu sa ido ga wani?

Abin da nake ce wa irin wannan yaro shi ne, mu ma masu jira ne. Saminu da Hannatu, waɗanda suka tarbi jariri Yesu a Haikali, sun daɗe suna jiran rabin farko na alkawarin, suka gani da idonsu. Mu muna jiran sauran. Ba na ce masa wannan ya warware komai, domin ni ma bai warware mini komai ba. Kuma ba na taɓa ce masa abin da ya same su annabci ne ya cika, wannan maganar tana yi wa yaro rauni.

Ba mu da littattafai ko hotuna, a gindin mangwaro muke aji. Me za mu yi?

Littafi Mai Tsarki na Hausa guda ɗaya ya isa. Tun 1932 aka buga shi cikakke, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru tare da wasu, kuma iyayenmu da shi kaɗai suka koya.

A samo busasshen reshe a kafa a tukunyar ƙasa, makonni huɗu kafin Kirsimeti. Kowace Lahadi yara su rataya abu ɗaya: tauraron kwali don Ibrahim, hular sarauta ta takarda don Dawuda, ɗanyen ganye don tohon Yesse, ɗan ƙaramin gida na kara don Baitalami. Kafin a rataya sabo, wani yaro ya faɗi labarin na makon jiya da bakinsa. A raba ajin biyu, ɓangare ɗaya su karanta alkawarin a Tsohon Alkawari, ɗaya su nemo inda Linjila ta ɗauko shi. In akwai 'yan Zumuntar Mata masu murya, a roƙe su su sa wa ayar kari. Abin da aka rera ba ya fita.

In tilasta musu haddacewa?

Aya ɗaya a mako, gajera, kuma a fara ba da labarinta kafin a ce su haddace. Bulala ba ta shiga ciki. Wanda ya kasa ranar Lahadi, a bar shi ya faɗa tare da ƙaninsa ko abokinsa, mako mai zuwa a sake gwada shi shi kaɗai.